Jinjirin Watan da Ya Ƙi Fitowa Daga Firinta

Shekarun baya, lokacin ina aikin auna ruwa a madatsar Goronyo, cutar yanar ido ta rufe wa mahaifina gani. Mutum ne da tun yana saurayi ake hawa tudu da shi duban wata a ƙauyenmu na wajen Rabah. Ranar da ya ce mini ya yi shekaru bai ga jinjirin wata ba, na ji abin har cikin raina.

Sai na ari kyamarar ofis mai dogon hanci, na tsaya bakin dam da magariba na ɗauko hoton watan, siriri kamar yankan farce. Ina ta jin kaina.

Washegari na hau babur sai Wurno, wurin abokina, wani malamin makaranta Kirista ɗan Filato mai kwamfuta da firinta ta tawada. Na ce ya buga mini hoton, babba nake so, tunda Baba yana iya ganin abu in ya kai shi kusa da hanci. Ya danna. Kwamfutar ta yi gurnani, ta sandare. Ya ce hoton ya fi ƙarfin ƙwaƙwalwarta, ɗigon da ke cikinsa sun yi yawa. Muka rage ɗigon. Wannan karon ta buga, amma watan ya fito dakali-dakali kamar an jera bulo. Muka yi dariya har da hawaye, ga shi kuwa na riga na cika wa Baba baki.

"Wai ruwan dam zai kalla ko wata?" in ji abokina.

Gaskiyarsa. Ni ne na nace sai dam ya fito, don a san inda nake aiki. Muka yanke ruwan, da gonakin albasa, da sararin da babu komai, muka bar wata da cikakken ɗigonsa. Firinta ta ja takarda a hankali, ta sha baƙar tawada har takardar ta jiƙe, muka shanya ta kan tabarma.

Da na kai, Baba ya kai ta kusa da ido, yana dubawa. Can ya ce, "Shi na! Wallahi shi na!" Ya karanta addu'ar ganin wata.

Na ɗauko ƙusa zan kafa hoton a bangon gabas na zaure, sai ya daka mini tsawa.

"Kai, mi kaka yi? Ina ka taɓa ganin jinjirin wata ya tsaya gabas? Maishe shi yamma!"

Na mayar da shi bangon yamma, yana ta dariya yana kiran maƙwabta su zo su gani.

Na buga hotunan sama da yawa bayan nan, da injinan da ba sa gurnani. Har yau babu wanda ya faranta mini kamar wancan. Kuma duk inda zan rataye hoton wata, sai na fara tambayar ina ne yamma.