Mai Bokiti a Kicin ɗin Inna

A unguwarmu idan ka ce kana neman magini, sai a tambaye ka ko na sauri kake so, ko Mai Bokiti. Na sauri suna da yawa. Mai Bokiti shi kaɗai ne. Dattijo ne gajere mai faɗin kafaɗa, ya haura shekara sittin, kunnensa na hagu ba ya ji sosai, don haka idan kana masa magana sai ya karkato maka na dama. A kan tsohon keke yake zuwa aiki, jakar kayan aiki a baya, bokitin ƙarfe rataye a gaba yana ƙara duk ramin da aka faɗa. Tun bai shigo layinku ba kun san ya iso.

Ni akawu ne. Shekara ashirin da uku ina rajistar takardun da suka shigo da waɗanda suka fita a ofis ɗaya, kuma halin ya biyo ni gida. Gidan mahaifiyarmu, da muke ce wa Inna, yana da nasa littafin a wurina: ranar da aka canza kwanon rufi, ranar da famfo ya fashe, ranar da aka sare bishiyar da ke tura katanga. Yanzu ina kan littafi na huɗu.

Mahaifinmu ne ya gina gidan, shekara arba'in da shida ke nan. Tun rasuwarsa Inna take zaune a ciki ita kaɗai, ni kuma ina layi na biyu, kullum ina biyawa in gaishe ta kafin in wuce aiki. Idonta ya yi rauni, amma girkinta ba ta yarda kowa ya karɓe mata ba. Wata safiya na tarar da ita zaune a ƙasa a bakin ƙofar kicin tana riƙe da gwiwa. Ruwan wanke-wanke ne ya taru a wurin, kamar yadda ya saba taruwa, wannan karon ta taka shi ta zame.

Ƙanwata Auta ba ta tsaya dogon zance ba. Ta share ɗaki a gidanta, a can ɗaya gefen gari, ta sa katifa, ta sayi labule, ta zo ta ce Inna ta haɗa kaya. Inna ta ce babu inda za ta. Aka yi ta ja har na shiga tsakani, muka tsaya a kan magana ɗaya: a ba ni kwana talatin in gyara kicin ɗin. Idan Auta ta zo ta gani hankalinta ya kwanta, Inna ta ci gaba da zama a gidanta. Idan bai kwanta ba, ta bi Auta.

Na ɗauki tef na auna bango huɗu, na zana komai a takarda da rula. Na mayar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin babbar taga, don haka na gani a gidan wani abokin aikina. Na jera kabad a sama. Na rubuta farin tayil mai sheƙi, ƙasa da bango, don ya rufe fentin da ke ɓarewa a gindin bangon ƙofa. Wata ƙaramar taga da ke can kusa da silin kuwa na ja mata layi na rubuta a toshe, don ba ta da kyan gani.

Mai Bokiti ya karɓi takardar ya duba ta a tsanake. Ya yaba rubutuna, ya ce ko malamin makaranta sai haka. Sannan ya ninke ta ya sa a aljihu.

"Akawu, wa zai yi girki a ciki, kai ko ita?"

Na ce ita.

"To ka auna bango huɗu. Ita ka auna ta?"

Washegari ya zo da sassafe, bai zo da guduma ba, bai zo da siminti ba. Ya kife bokitinsa a kusurwa ya zauna a kai, da guntun alli a hannu, yana kallon Inna tana aikinta. Inna ta jure masa har ta sauke ruwan zafi, sannan ta juyo wajen da take jin numfashinsa.

"Magini, aiki aka ɗauko ka ko gadina?"

"Girki nake koyo, Yaya."

"Da gemunka fari fat? Ka makara."

Duk da haka ta haɗa masa shayi. Haka ya yi kwana uku. A littafina, ranaku uku a jere, abu ɗaya na rubuta: ya zo, bai taɓa komai ba. A na ukun na ja layi a ƙarƙashi.

A wurin shan shayin nan ne na ji tarihinsa, gutsure-gutsure, don Inna ta iya tatsar labari. Da ɗaukar bulo ya fara, ya koma kwaɓa siminti, ya yi shekara tara kafin a ba shi cokalin gini ya riƙe. Ya ce da ya ƙware ba wanda ya kai shi sauri, har ana rububinsa. Da ya samu ya gina nasa gidan, sai ya so ya burge maiɗakinsa. Ya shimfiɗa mata tayil a kicin mai sheƙi kamar madubi, ya gama cikin yini biyu, bai duba inda ƙasan ya karkata ba. Sati bai cika ba ta zame da tukunya a hannu, ta karye a wuyan hannu. Ƙashin ya haɗe amma ya ɗan goce. Ya ce shekara talatin ke nan ba ta taɓa yi masa gori da baki ba, sai dai duk safiya da wannan hannun take miƙo masa kofi. Tun daga ranar bai sake ɗora tayil ko ɗaya ba sai ya fara zuba ruwa ya ga inda zai bi. Abokan aikinsa suka yi ta masa dariya, suka laƙaba masa sunan, sunan ya zauna. Da yawansu sun yi manyan gine-gine. Shi tsofaffin gidaje suka zama rabonsa, kuma ya ce ya fi son su, don tsohon gida yana faɗa maka ciwonsa idan ka ƙwanƙwasa ka saurara.

Rana ta uku da na taso daga aiki ya kira ni ya nuna mini allinsa. A ƙasa akwai layi daga murhun gas zuwa wurin wanke-wanke, taku uku. A gefen kantar girki ya ja wani dogon layi. A bango kuma akwai alama ɗaya daidai kafaɗata. Ya ce Inna ba da ido take girki ba. Taku uku take ƙirgawa, hannun hagu yana bin gefen kanta, na dama riƙe da tukunya. Idan na mayar da wurin wanke-wanke ƙarƙashin taga, ƙafarta za ta yi taku ukun da ta saba shekara arba'in, ta juye tafasasshen ruwa inda babu komai. Alamar bango kuwa iyakar inda hannunta ke kaiwa ne, kabad ɗin da na zana ya wuce ta da taƙi guda da rabi, ke nan sai ta hau kujera. Ƙaramar tagar ma ya ce in bar ta, ita ke fitar da zafi da warin gas, wanda ya gina gidan ya san abin da ya sa ya bar ta a sama.

Na ce to me ya rage a takardata. Ya ce kwanan wata daidai ne.

Rana ta huɗu ta faɗo Asabar, ina gida. Ya sa aka kwashe komai, ya cika bokiti ya tsaya a tsakiyar kicin ya juye a hankali. Muka zuba ido. Ruwan ya bazu, ya yi jim, sannan ya taru ya nufi bakin ƙofa ya kwanta, daidai inda na tarar da Inna. Ya durƙusa ya ƙwanƙwasa gindin bangon da ƙotar cokalinsa, ya kara kunnen dama. Ya ce bangon ya sha ruwa ya ƙoshi, kuma tayil ba ya maganin danshi, ɓoye shi kawai yake, bayan damina biyu sai ya kumbura ya zubo. Ya ce ba yadda za a yi mai gidan nan ya bar taga a sama ya manta da magudana a ƙasa. Akwai ta, binne ta aka yi. Inna ta ce tabbas da akwai, amma ta nuna nan ta nuna can. Ya ce idan kuwa zai fasa daɓen gaba ɗaya da lalube, tsohon bututun famfo yana ƙarƙashi, kuma kwanakinmu ba za su isa ba.

Wani abu ya taɓa ni a rai. Na je gida na ɗauko littafi na biyu, na dawo ina buɗewa a tsaye. Na same shi, shekara goma sha ɗaya baya, da rubutuna, tsaf-tsaf. Ban ga amfanin ɓoyewa ba, sai na karanta a fili: an toshe magudanar kicin da siminti saboda ɓeraye, inci goma sha huɗu daga bangon taga, inci tara daga kusurwa, an ƙara daɓe a kai. A ƙasa na rubuta cewa ni na ba da shawara.

Na rufe littafin. Sai Inna ta fara dariya har tana dafa ƙofa. Ta ce shekara goma sha ɗaya tana share ruwa tana ɗora wa tsufan gida laifi, ashe ɓeran yana zuwa gaishe ta kowace safiya da biro a aljihu. Mai Bokiti bai yi dariya ba. Ya auna inci goma sha huɗu da inci tara, ya buga sau uku, guduma ta faɗa rami.

"Da kowa zai rubuta ɓarnarsa haka, Akawu, da aikinmu ya yi sauƙi."

Daga nan aiki ya kankama. Ya buɗe magudanar ya sa mata ragar ƙarfe don ɓerayen. Ya tono tsohon bututu, duk ya yi tsatsa har yana tsiyaya, aka canza. Wayoyin wuta ya ce ba fanninsa ba ne, ya kira mai gyaran lantarki, aka tarar robar jikinsu tana marmashewa. Ya sake daɓe ya karkata shi kaɗan wajen magudana, ya daidaita shi da bakin ƙofa don kada a samu tudun tuntuɓe. Tayil ya zaɓo mai kaushi, ya jiƙa guda ɗaya ya sa Inna ta taka da ƙafarta kafin a kawo sauran. Gefen kanta ya yi masa baƙi don ta riƙa ganin iyakarsa. Wurin wanke-wanke sabo, amma a inda tsohon yake, ko inci ɗaya bai gusa ba. Kantocin duk suka tsaya ƙasa da alamar alli.

Bangon ƙofa ne ya tsaya mana. Ya kankare shi har bulo ya ce sai ya bushe da kansa. Kullum ya zo ya ɗora bayan hannu ya girgiza kai. A rana ta ashirin da bakwai na roƙe shi ya shafa fenti ko sama-sama ne, don Auta mace ce mai duba ƙarshen aiki. Ya ce zai iya, amma sai in rubuta a littafi cewa ni na ba da shawara. Na bar maganar fenti.

Rana ta talatin Auta ta zo da mota, da wata babbar jaka babu komai a ciki. Ta gaishe da Inna, ta gaishe da magini, ta shiga kicin. Idonta bai sauka ko'ina ba sai kan bangon nan mai bulo a fili.

"Yaya, wannan ne gyaran?"

Na buɗe baki zan fara bayani daga rana ta farko, sai Mai Bokiti ya cika bokitinsa ya miƙa mata. Ya ce ta juye duk inda ta ga dama. Ta dube shi, ta tattare zaninta, ta je daidai bakin ƙofa ta watsa shi gaba ɗaya. Ruwan ya juya ya ratsa kicin ya bi ta raga ya fice, muna jin saukarsa a waje. Ta cire takalmi ta taka jiƙaƙƙen tayil ɗin, ta murza ƙafa da ƙarfi. Ta sake cika bokitin da kanta ta zuba a wani wurin.

Sai ga Inna. Ta shigo ta ratsa mu ta kunna wuta ta ɗora ruwa. Hannunta ya tafi saman kantar girki ya dawo da ganyen shayi, ya koma ya dawo da sukari, fuskarta tana kallon Auta tana tambayarta lafiyar yara. Da ya tafasa ta ɗauka, taku uku, hannun hagu a gefen kanta, ta ɗauraye kofuna da ruwan zafin ta dawo ta zuba mana.

Auta ta sha rabin kofinta kafin ta yi magana. Ta ce labulen da ta saya ya yi wa ɗakin can tsawo, bari ta kawo shi nan a sa a tagar Inna. Inna ta ce ta kawo, idan ba mai yawan ado ba ne. Jakar ta koma mota yadda ta zo.

Sai bayan kwana goma sha biyu bangon ya bushe yadda Mai Bokiti yake so. Ya zo ya yi filasta, ya dawo ya yi fenti, ya sha shayinsa, Inna ta ce masa har yanzu bai koyi girkin ba. Ya ce ai ɗalibi ba ya gaggawa a gaban malama. Da zai tafi ya ciro takardata daga aljihu, ta yi laushi don ninki, ya mayar mini. Na manna ta a bayan littafi na huɗu, kusa da sabon zanen da na yi na inda bututu da wayoyi da magudana suke, kowanne da incinsa, don wanda zai zo bayanmu.

Har yanzu yana aiki. Wani lokaci ina ɗaura agogo da safe sai in ji ƙarar bokitin tana wucewa ta bayan gidana, in duba lokaci, bakwai saura kwata. Daga nan in biya wurin Inna in tarar ruwa ya riga ya tafasa.