Matar da na sa aka kora a Salaga

Har yau in na tuna matar nan ta Salaga sai raina ya ɓaci. Ni na jawo aka kore ta daga aiki, ba ta san hawa ba, ba ta san sauka ba.

Sana'ata gwajin kutse ce. Kamfani zai ɗauke ni in fasa kwamfutocinsa da izininsa, in nuna masa ƙofar da ɓarawo zai bi. Na daɗe ina koyo a ɗakina a Yendi, ina haɗa kwamfutoci na gwaji ina fasawa, kafin in samu aikin farko wurin wani Alhaji mai shagunan magani a Bawku da Yendi da Salaga. Mai kula da kwamfutocinsa ɗan ƙanwarsa ne.

Na ce wa ɗan ƙanwar nan ya buɗe mini akawun na gwaji, wato sunan shiga kwamfutocinsu, mai ƙaramin matsayi. Ya ce sabon akawun sai da sa hannun Alhaji, kuma ba a damun Alhaji da ƙananan abubuwa. Sai ya miƙo mini na wata mai rubuta kayan da aka sauke a shagon Salaga. Ni kuma na karɓa. Wautata ke nan, ba na ɓoyewa.

Kafin azahar na gama. Suna da na'ura mai ba ma'aikata takardar shaida, wadda kwamfuta ke dubawa ta yarda cewa kai ne wane. To, an saita ta yadda kowa zai iya neman takarda da sunan wani. Na nema da sunan Alhaji, ta ba ni, komai ya buɗe. Na tambayi ɗan ƙanwar dalili, ya dube ni kamar ban da tarbiyya, ya ce ai babba ba ya neman abu da kansa, aike yake yi. Da gangan ya bar ta haka, don duk wanda Alhaji ya aika ya shiga da sunansa. Jama'a, girmamawa har a cikin kwamfuta!

Na rubuta rahoto, na aika Bawku, inda Alhaji yake. Babu wanda ya karanta. Abin da aka kai wa Alhaji takarda ɗaya ce, mai nuna akawun matar Salaga ya shiga da sunansa. A ranar aka sallame ta.

Na hau mota har Bawku, na durƙusa na gaishe shi, na ce, "Baba, ni ne na shiga, ba ita ba. Laifin yana wurin wanda ya saita na'urar."

Ya ce, "Na ji, ɗana. Amma so kake in kunyata ɗan ƙanwata a gaban ma'aikata? An riga an yanke magana."

Na yi magana har muryata ta tashi, aka kama hannuna aka fitar da ni.

Daga baya na neme ta, na same ta a garin Makango tana taya yayarta sayar da busasshen kifi. Na faɗa mata komai. Ta saurara har ƙarshe, sannan ta ce, "Malam, da ka karɓi akawun ɗin, ba ka ga sunan mutum a kai ba?"

Na gani. Sarai na gani.