Gawon da Na Shafa wa Jan Fenti

Akwai abubuwa da yawa da na manta a rayuwata, wasu ma da gangan, amma ranar da aka kayar da babban gawon kurminmu ba za ta bar ni ba har in shiga kabari.

A bayan ƙauyenmu, ta wajen Gude, akwai wani tsohon kurmi a bakin rafi, ragowar dajin da kakanninmu suka tarar. Duk bayan shekara biyu waɗansu masu bincike sukan zo daga birni su auna itatuwansa. Kowace bishiya da lambarta a ɗan gwangwani da aka kafa mata. A zagaya mata tef daidai ƙirjin mutum, a rubuta kaurinta, wai da haka suke gane ko itacen kurmin ƙaruwa yake ko raguwa. Wadda ta mutu kuma a shafa mata jan fenti a ƙirga ta. Ni ne mai riƙe musu tef da gwangwanin fenti, saboda na yi aji biyu na sakandare kafin a cire ni, ina iya karanta lamba. Iyakar darajata ke nan a wurinsu.

Mai unguwarmu ya ga gatari zai cinye kurmin, sai ya kafa doka: ba a taɓa kowace bishiya sai mai jan fenti. Doka ce mai kyau, kowa ya yarda.

Da rani suka saba zuwa. A shekarar suka makara sai tsakiyar damina, kuma wanda ya jagorance su baƙo ne, an ce a manyan kurmin kudu ya koyi aikin, inda ganye ba ya yankewa. Muka iso gindin gawon. Mutum uku ba sa haɗa hannu a jikinsa. A ƙarƙashinsa babanmu, Allah ya jiƙansa, yake kaɗo wa tumakinmu 'ya'yan gawo idan ciyawa ta ƙare. Malamin ya ɗaga kai, ya ga ko'ina kore shar, shi kaɗai fari fat ba ganye ko ɗaya, ya ce matacce ne, in shafa.

Na ce masa, ranka ya daɗe, gawo ne, da damina yake zubar da ganye, da rani ya fitar. Na ce ya ɗan kankare bawon ya gani. Hadari ya taso, yana sauri, ga mutanen gari sun tsaya suna kallo. Ko kallona bai yi ba.

"Malam, tef aka ɗauke ka riƙewa. Idan muna neman farfesa za mu faɗa maka."

Aka yi dariya. Ni da furfurata a gemu. To, a nan ne na yi abin da na yi. Ban sake cewa uffan ba. Na tsoma buroshi na zabga wa gawon fenti, har da ƙari, yadda za a hango daga nesa. A raina na ce bari shugabarsu, da aka ce za ta zo duba aikin da rani, ta tarar da mataccensa ya yi ganye luf, mu ga inda zai sa fuskarsa. Wallahi dokar mai unguwa ba ta ko zo mini a rai ba. Kunyar mutumin kawai nake hange.

Kwana uku bayan sun tafi ina noma a gona da hantsi, na ji kukan injin yanka daga wajen rafi. Na san bishiya ɗaya ce mai sabon fenti da ta isa a kawo mata inji. Na yar da fartanya na zuba da gudu.

Na tarar da mai sayar da itacen garinmu, wanda muka yi makarantar allo tare, da mutanensa biyu. Sun riga sun ci kusan rabin gindin. Na sha gabansu na ce su kashe injin. Na damƙo garin itacen da ya zuba, jiƙe sharkaf, na tura masa a hanci, na ce ya rantse da Allah bai san gawon nan da ransa ba. Ya ce shi ba ya rantsuwa a kan itace. Na ce a jira mai unguwa. Ya ce mai unguwa yana Kano wajen jinya, kuma dokarsa ce ake bi. Na jingina bayana da gawon na ce sai dai su haɗa da ni. Ina jin itacen yana ƙara a hankali ta cikin kafaɗuna.

Bai yi fushi ba. Ya goge gumi, ya dube ni, ya ce, "Ni ban karanci bishiya ba, ɗan'uwa, fenti na gani. Wa ya shafa?"

Mutane sun taru. Duk sun san amsar, don a gabansu aka yi. Wani dattijo ya kamo hannuna ya ce in matsa, yankan ya wuce inda za a tsaya, iska kaɗan ce za ta kwantar da shi a kaina. Na matsa. Da ya faɗi, sai da ƙasa ta girgiza har ƙafafuna.

Da rani shugabarsu ta zo. Na kai ta wurin kututturen, na faɗa mata komai, har da nawa. Ta gyara rubutu a takardarta, ta ce a lissafi dai matacce ne yanzu. Malamin nan kuwa ban sake ganinsa ba, na ji ma an ƙara masa girma. Kunyar da na tanadar masa ba ta taɓa isa gare shi ba. Tumakin unguwarmu ne suka yi ranin babu 'ya'yan gawo.

Har yau ina jin haushin mutumin, ba zan ɓoye ba. Amma shi bai sani ba, ni na sani, kuma buroshin a hannuna yake. Tun daga ranar, idan na san gaskiyar abu, ko za a yi mini dariya sau goma, sai na maimaita ta sau goma sha ɗaya.