Telan da Ya Buɗe Hannun Riga Sau Uku

Faɗanmu na farko da Tela a kan riga ne. Ya ɗinka min wadda ko numfashi sai na nemi izininta. Na mayar masa, ya ɗaga tef ɗin da ke rataye a wuyansa ya ce, "Iya, tef ba ya ƙarya. Ke kika yi ƙiba." Ni da haƙora huɗu suka rage min, da me zan tauna ƙibar? Wata biyu ban amsa gaisuwarsa ba.

Haka yake. Shagonsa na jikin ɗakina, keke ɗaya, madubi tsagagge, almakashi ɗaure da tsumma. Shekara goma sha biyar yana taka keken nan, bai taɓa yin kuskure ba, sai dai jikin mutane ya yi. Amma ba mugu ba ne. Matarsa, da muke kira 'Yar Shiru, ɓari biyu ta yi kafin wannan cikin ya zauna, shi ya sa ko tsintsiya ba ya barin ta ɗauka. Asibiti kuwa ya ce layi ne kawai da tsawar ma'aikata.

Da cikin ya shiga wata takwas, na ga shuɗiyar rigarta a kan keke, yana farke hannun. Karo na uku ke nan cikin kwana goma.

"Kiwona ne, Iya," in ji shi, yana washe baki. "Ta murje."

"Jaririn a damtse yake kwance?"

Na kutsa ɗakinsu ba sallama. Tana kwance, fuska ta tashi kamar kwaɓin burodi, zobe ya nutse a yatsa, ta ɗaure kai tamau da ɗankwali. Sai da na matsa mata ta ce tun jiya kanta ke sarawa, idonta na ganin wuta-wuta.

Na fito na ce masa, "Kai, ɗan nan, kumburin ƙafa ba baƙo ba ne ga mai ciki. Amma fuska da hannu, ga kai, ga ido? Tashi ku tafi asibiti."

"Bari in gama ɗinkin mutane. Gobe da sassafe."

"To auna ta. Ba ka ce tef ba ya ƙarya ba?"

Ya shiga yana gunaguni, ya zagaya tef a wuyan hannunta. Ya duba. Ya sake zagayawa. Awon matarsa a kansa yake tun ranar aure, kuma ya san ba abincin da ke yin wannan aiki a kwana goma. Da takalmi ƙafa ɗaya ya fita neman mota.

A asibiti aka ce jininta ne ya hau, da an kai goben nan tasa da jijjiga ta kama ta. Suka riƙe ta, bayan kwana tara ta haifi 'ya mace, 'yar mitsitsiya, da baki kamar na ubanta.

Bara suka tashi, ya samu babban shago a bakin titi. Ranar tafiya ya kawo min riga ta godiya, ya tsaya sai na gwada. Hannun ya cije min damtse, ya buɗe baki zai yi magana.

Na ce, "Kul! Ko ka buɗe ta, ko ka nemo mota ni ma ka kai ni."