Rautar Yaya

Tun da farar hula suka karɓi mulki, waya da intanet suka cika gari, gidanmu na Fagge ya samu injiniyan da bai taɓa shiga ajin injiniya ba. Babban wanmu ke nan. Atamfa yake sayarwa a Kantin Kwari, amma in ka ji yana bayanin rauta, ɗan akwatin nan mai ƙahoni da ke raba intanet a gida, sai ka rantse a gabansa aka ƙera ta.

A falonsa ya girke ta, kan talabijin, don duk baƙon da ya shigo ya tambaya, shi kuma ya samu abin faɗa. Tsakanin falon da ɗakin Baba kuwa katangar ƙasa ce irin ta da, ko guɗa da ƙyar take ratsa ta, balle sabis.

Lokacin Baba na kwance, jiki ya yi nisa, ba ya ko ɗaguwa. Ƙanwarmu da ke aure a Jidda ta haihu, aka sa wa yaron sunansa. Kunnen Baba ya yi nauyi, waya ba ta yi masa amfanin komai. Magana ɗaya yake nanatawa: "Ku nuna mini takwarana." Muka kai kwamfuta bakin gadonsa, ƙanwar ta kira ta bidiyo, hoton ya ƙame kafin fuskar jaririn ta fito.

Na ce, "Yaya, a ɗauko rautar a kawo nan mana. Wayarta ai za ta kai."

Ya dube ni sheƙeƙe. "Ke me kika sani? Manhajar kamfani ce ta ɗaure ta. Filashin zan yi mata, in goge manhajar in zuba wata, in buɗe ƙarfin ƙahonin. Har bakin titi za a samu."

Wa ya tambaye shi bakin titi? Taku kaɗan muke nema. Amma a gidanmu babban wa uba ne, ƙanwa ba ta gyara masa zance. Inna ta harare ni, na haɗiye sauran maganata, tana ci na a rai.

Ran Asabar da la'asar ya zauna aikin, ya naɗe hannun riga kamar mai fiɗa. Allon ya gargaɗe shi ƙarara kada wuta ta yanke. A Kano! Janareta ba mai, amma gogan ya danna. Yana tsakiya aka ɗauke wuta. Da ta dawo, rautar ta ƙi ko ƙyaftawa. Na ce to a sa wayar layin a kwamfuta kai tsaye. Ashe lambobin shiga layin a cikin rautar suke, bai kuma riƙe su a ka ba. Sai ya ce ai kayan ne jabu. Wanda bai iya rawa ba, dama ganga yake zargi.

Washegari ya saɓa ta zuwa Sabon Gari, na bi shi don ban yarda da shi ba. Mutumin da ya tsufa yana ciniki da mutanen Sabon Gari ya manta Lahadi ce. Shaguna a garƙame, masu su na coci. Muka tsaya a rana har mai gyaran ya fito daga coci, wani Ibo haifaffen unguwar. Ya jujjuya ta ya ce, "Alhaji, za ta tashi, amma sai an buɗe ciki. Kayan aikina na cikin kasuwa a kulle. Gobe da wuri." Duk hanyar dawowa a adaidaita, Yaya na koya wa direba yadda ake ƙara wa ƙaho ƙarfi. Wallahi kunya ya ba ni, na ji na tsani muryarsa.

Litinin da hantsi Baba ya cika, Yaya na can bakin shagon.

Rautar ta dawo da sabuwar manhaja, sabis kuwa har kan tabarmin masu zaman makoki a ƙofar gida. Ƙanwarmu ta kira, idonta a kumbure, jaririn a kafaɗa. Ta ce, "Ku kai ni ɗakin Baba." Na ɗauki kwamfutar na shiga, na juya ta wajen gadon da aka riga aka naɗe shimfiɗarsa. Ta ɗago yaron ta riƙe shi a saitin gadon.

Sai ga Yaya ya leƙo ta kafaɗata, ya ce mata, "Kin ga yanzu hoton ba ya yankewa ko?"