Alamun da Shigeharu Ya Ɓoye a Gwangwanin Shayi

Shekara talatin Notoya Shigeharu ya yi yana kai baƙi kamun yamame a wani ƙaramin kogi a arewacin tsibirin Hokkaido. Yamame kifin ruwan sanyi ne mai ɗige-ɗige a jiki, kuma saboda shi mutanen birni ke cika masaukin da shi da matarsa Fusae suke riƙe da shi. Babu dutsen da bai sani ba a kogin nan. Ba mugu ba ne, sai dai in ya kafe a kan magana, ko jaki ya san da zamansa.

Ƙanen Fusae, Kinji, malamin makaranta ne da ya yi ritaya ya koma kiwon cozame, wani kifi mai dogon hanci da gashin baki, da ƙasusuwa jere a gadon baya. Tsofaffi sun ce a da akwai shi a kogin kafin ya ɓace. Shekara bakwai Kinji yana rainonsu a kwatami, har aka ba shi izini ya saki ɗari uku, kowanne da 'yar alama mai lamba a fiffikensa.

Ranar sakin, Shigeharu ya tsaya a bakin ruwa ya harɗe hannu.

"Malam, waɗannan munanan 'ya'yan naka me za su ci? Ƙwan kifina?"

"Haba Yaya, tsutsa suke ci," in ji Kinji yana dariya. "Kuma in muni ne, ai Yaya Fusae ta saba gani a gida."

Kowa ya yi dariya, har Shigeharu. Amma a shekarar yamame ya yi ƙaranci, baƙi suka riƙa komawa hannu rabbana. Da kaka ta zo, lokacin da yamame ke zuba ƙwai a tsakuwa, Shigeharu ya ga cozame sun taru a wani gurbi mai zurfi suna tsotsar ƙasa. Wata rana da ake ruwan sama, ba kowa a kogi, ya shimfiɗa raga.

Biyar ya kama da farko. Ya farke cikinsu don ya samu hujjar da zai watsa wa Kinji a fuska. Tsutsa ya gani, da laka, da ƙananan ƙwarin ruwa. Ko ƙwai ɗaya babu. Ya daɗe a tsugune da wuƙa a hannu. Washegari kuma ya koma da ragar. Wannan komawar ce ta fi cin ransa daga baya, domin ya riga ya gani da idonsa. Cikin mako uku ya kashe arba'in da ɗaya, ya binne su a gonar dankali, alamun kuwa ya zuba a gwangwanin shayi.

Da dusar ƙanƙara ta narke, aka gano gaskiyar lamarin. Gefen tsauni ne ya zaftare can sama, laka ta rufe tsakuwar da yamame ke haihuwa a ciki.

Kinji ya yi ta bin kogi yana neman kifinsa, bai ga ko ɗaya a gurbin da ya sa rai ba. Sai ya ɗora wa kansa laifi. Wata rana suna cin shinkafa da miyar miso ya ce, "Na yi gaggawa, Yaya. Ban saba musu da sanyin ruwan ba. Ni na kashe su." Shigeharu ya ƙara masa shayi kawai. Bayan haka Kinji ya zubar da ruwan kwatamansa, ya daina fita.

Shekara biyu yana ɗauke da abin. Abinci ya daina yi masa daɗi, dankalin gonar ma sai ya rabar. Fusae ta tambaye shi har ta gaji.

Wata safiya ya je gidan Kinji, ya durƙusa, ya juye gwangwanin a kan tabarma, ya faɗi komai, har da farke cikin.

Kinji ya jera alamun ɗaya bayan ɗaya.

"A wane wata ka kama su?"

"Oktoba."

"Da ƙiba?"

"Da ƙiba. Sun ƙara tsawo."

"Ashe sun rayu," in ji Kinji a hankali. Can ya ɗago kai. "Ka zauna kana kallona ina zagin kaina, kana zuba mini shayi. Tashi ka tafi, Yaya."

Shigeharu ya kai kansa gaban ƙungiyar masunta, suka hana shi kogi shekara guda. Fusae ta yi wata biyu ba ta zauna cin abinci tare da shi ba.

Kinji ya sake cika kwatamansa yana da shekara sittin da takwas. Kullum da safe Shigeharu yana zuwa ya wanke su, ya auna sanyin ruwa. Kinji bai kore shi ba, amma maganarsu ba ta wuce ta aiki. Har yanzu bai sake taka masaukin ba. In Fusae ta yi girki, sai ta ƙulle nasa a ƙyalle ta miƙa wa mijinta ya kai.