Inci Ukun Da Na Rage A Kafaɗar Anti

Edita, na daɗe ina karanta wannan shafi, kuma yawancin masu rubuto muku waɗanda aka cuta ne. Ni nawa labarin na wadda ta yi cutar ne, shi ya sa na ɗauki shekaru ina juya shi a raina kafin na iya zama in rubuta.

A lokacin ina ɗaliba, na zo Amurka yin digiri na biyu a ilimin sinadarai. Mutum ce ni mai shiru, irin wadda idan aka yi baƙi a gidanmu sai an leƙa ƙuryar ɗaki ake samuna da littafi. Ba ni da baki, amma ina da tsari. Komai nawa a rubuce yake cikin wani ɗan littafi mai baƙin bango, daga lokacin zuwan bas har ranar mayar da littafin laburare. Malamaina sukan yabe ni da cewa ba na kuskuren lamba. Ku riƙe wannan, don a nan laifina yake.

Na sami ɗaki a Silver Spring ta wata takarda da aka liƙa a shagon kayan abincin Afirka, ana neman ɗaliba mai natsuwa. Muryar da ta amsa wayata mai kauri ce, da Hausar Jos. Da na je, wadda ta buɗe min ƙofa doguwa ce mai faɗin kafaɗa, ta doshi sittin, ɗankwalinta ya zame gefe guda. Tun kafin in zauna ta gaya min komai. Ta ce sunan namiji aka raɗa mata, a namiji ta yi aikin injiniya har ta yi ritaya, ta yi aure, Allah ya ba su 'ya ɗaya, sai a 'yan shekarun nan ta koma rayuwa a matsayin mace, abin da ta ce ta sani game da kanta tun tana firamare. Matar ta tafi, 'yar ta daina ɗaga waya, mutanen cocinsu suka janye jiki. Ta ce idan ba zan iya ba, ba za ta ga laifina ba. Ni ban taɓa ganin irin wannan ba, amma ɗakin yana da tsafta, yana kusa da tashar jirgi, ga sanyi ya kusa shigowa. Na karɓa, ban gaya wa kowa a gida ba. Makonnin farko kauce wa kiran ta nake yi, daga baya bakina ya saba da Anti.

Ban rubuto don in yi wa kowa fatawa ba, ba ni da wannan ilimin. Abin da na sani shi ne ta riƙe ni da mutunci. Da azumi takan ajiye min kunu da ƙosai kafin in dawo daga makaranta, ko da yake ita Kirista ce, kuma ba ta taɓa kunna rediyo ina salla ba.

Na ɗauka manyan abubuwa ne za su riƙa damunta, sai na tarar ƙananan ne ke hana ta sakat. Kullum tana mitar aljihu. Ta ce shekara arba'in tana yawo da biro da makulli da tef ɗin awo a jikinta, yanzu an ba ta siket mai aljihun ƙarya, an ɗinke bakinsa kamar ana tsoron kada mace ta mallaki wani abu. Maɓallan rigar mata suna ɗaya ɓarin, ba kamar na maza ba, yatsunta suna ta lalube inda suka saba. Zif a baya kuwa ta ce duk wanda ya ƙirƙiro shi bai taɓa zama shi kaɗai a gida ba. Takalmin mata ba ya shigar ta, sai ta yi oda, ya zo ya matse, ta mayar. Kwalli ma wani yaƙin ne, don idan ta cire tabarau ba ta ganin idon, idan ta sa tabarau ba ta kaiwa gare shi, sai ta fito kamar wadda ta sha hayaƙin murhu, ta tambaye ni ko mujiya ta yi kyau yau. Kowace safiya sai ta yi aski ta bi da hoda, kuma kafin la'asar inuwar gemun ta dawo. Ɗankwali ba ya zama a kanta saboda babu kitson da zai kama, gashin gaban ya riga ya tafi tun da daɗewa.

Abin da ya fi ba ta haushi shi ne lambar kayan mata. A wannan shago lamba kaza ce daidai da ita, a na gaba wannan lambar ko hannu ba ta shiga. Ta ce kayan maza da inci ake faɗarsu, inci kuwa ko'ina inci ne, ba ya duba fuskar mutum. Ni na zama mai ja mata zif, mai ɗaura mata ɗankwali da fil biyu ta ciki, mai gaya mata idan hoda ta yi yawa. Takan ce ni ce madubinta, don na bango ba ya magana.

A shekarata ta biyu 'yarta ta haihu a Upper Marlboro. Wata rana aka kawo ƙunshi ta gidan waya. Atamfa ce ta ankon suna, yadi shida, ba wasiƙa, sai katin gayyata. A ƙarƙashin atamfar kuma ga gwaggwaro, irin wanda matan dangi za su ɗaura. Anti ta riƙe gwaggwaron nan tana shafa shi. Da 'yar tana son ta zo da kaftani, ai da atamfar kaɗai za ta aiko. Daga baya ta ce min abu ɗaya take so a ranar, ta ɗauki jikanta, ta tsaya cikin hoton dangi da kayan da kowa ya sa, ba tare da wani abu a jikinta ya ja ido ba.

Ta roƙe ni in kai mata ɗinkin wajen wata tela a Wheaton, mai keke a bayan wani shago, don ita ba ta son kallon da za a yi mata a can. Ta ɗauko tef ɗinta na aiki, ta tsaya ƙyam, na auna ta sau biyu kamar yadda ta koya min. Kafaɗa inci goma sha tara. Na rubuta kowace lamba cikin baƙin littafina.

Ranar da na je akwai mata huɗu ko biyar zaune kan kujeru suna jiran ɗinki, ana hira ana ɓare gyaɗa. Na gaishe su, na ce ɗinkin antina ne, na fara karanto awon. Da na zo kan kafaɗa sai telar ta ɗago, ta sauke tabarau, ta ce 'yar nan wannan ai kafaɗar ɗan dambe ce, ko antin tawa buhu take saukewa a kasuwa. Aka kwashe da dariya. Wata ta ce a bar mace da ƙirarta, wataƙila tuwon dawa ya karɓe ta. Sai wata da ke gefe ta ƙura min ido, ta ce kamar ta san fuskata, ba ni ce ake cewa ina haya a gidan mutumin nan na Silver Spring ba. Ji na yi kamar an watsa min ruwan zafi. Na ce a'a, ni a makaranta nake kwana, ɗinkin na ƙanwar mahaifiyata ne da za ta zo daga gida. Sannan na duba littafina kamar mai neman kuskure, na ce layi na tsallake, kafaɗar goma sha shida ce. Kuma don kada lambobin su saɓa wa juna, na bi na rage hammata da faɗin baya daidai gwargwado. Ko a cikin ƙaryar sai da na yi tsari. Telar ta ce yanzu na yi magana, ta rubuta.

A bas na gaya wa kaina zan buga wa telar waya in gyara. Na ɗaga wayar ya fi sau biyar cikin makon, kullum sai in tuna idon matar nan in ajiye. Na ce teloli ai suna barin sarari. Ɗinkin bai fito ba sai jajiberin suna, babu sauran lokacin gyara.

Da safe na ja mata zif da ƙyar, tana riƙe numfashi. Rigar ta kama bayanta kamar fatar ganga, hannuwanta ba sa ɗaguwa sama da ƙirji. Ta juyo ta tambaye ni, madubinta, ko haka ya kamata ta kasance. Na ce mata haka yayin yake, sabuwar atamfa ce, za ta saki idan ta ji ɗumin jiki. Ta ce to, tunda ni na faɗa. Na ɗaura mata gwaggwaro, ya zauna kamar a kansa aka halicce shi, kwallin ma ranar bai zarce ba. Ta yi kyau, wallahi ta yi kyau.

Na raka ta. Gidan cike yake, kowa cikin atamfa iri ɗaya, ƙanshin shinkafa da soyayyen nama ya cika falo. Da muka shiga hira ta ɗan lafa, sannan ta ci gaba, wanda shi ne iyakar abin da Anti ke fata. Ta zauna a gefe, hannuwa kan cinya. Can sai 'yar ta fito da jaririn cikin farin tawul, ta ratsa mutane ta zo har gabanta ta tsaya. Anti ta manta da riga, ta miƙa hannu biyu gaba ɗaya. Har yau ina jin ƙarar. Rigar ta tsage daga kafaɗa zuwa tsakiyar baya, zif ya buɗe, rigar mama ta fito fili. Wani ya yi dariya ya haɗiye. Ina tsaye a bayanta da mayafi a kafaɗata, na ƙame kamar gunki. Tsohuwar matarta ce, wadda ta yi shekaru ba ta ce mata uffan ba, ta taso ta yaye gyalenta ta rufa mata, ba tare da ta kalli fuskarta ba, ta koma ta zauna. Anti ba ta saki yaron ba. Ta riƙe shi ɗan lokaci, ta yi masa addu'a a hankali, ta miƙa wa uwarsa. Kafin mai hoto ya tara dangi mun fita.

A mota ta ce min laifinta ne, jikin nan nata babu tufar da ke son shi, ta je ta kunyata 'yarta a ranar farin cikinta. Na ji wannan da kunnena, na san ba gaskiya ba ne, na juya ina kallon itatuwan bakin hanya.

Daga nan ta naɗe atamfofinta ta ajiye. Ta koma wata ƙatuwar rigar sanyi mai ruwan toka, ta daina kwalli, ta daina mitar aljihu. Ban san ina son mitar nan ba sai da ta ɗauke. Na yi sati shida ina cin abincinta ina kasa kallon ta. Ranar da na gama jarrabawa na kawo littafina na buɗe a gabanta, na gaya mata duk abin da ya faru a Wheaton. Ta saurara har na gama. Sannan ta ce ta sani. Washegarin suna ta shimfiɗa rigar ta auna. Ta ce tela kan yi kuskuren rabin inci a wuri ɗaya, amma inci uku a kafaɗa, an bi an daidaita hammata da baya, wannan aikin mai lissafi ne, kuma mai lissafi ɗaya ta sani. Ta ce jin kunyar a gan ni da ita ba sabon abu ba ne a wurinta, 'yar cikinta ma ta ji. Abin da ya tsaya mata shi ne ta tambaye ni da safen nan na ce ya yi daidai. Da na faɗi gaskiya, da ta yafa mayafi a kai, shi ke nan.

Na ɗauki zanen da ya rage na koma Wheaton. Gaban mata uku na karanto awon gaskiya, na faɗi ko na wane ne, na ce a gidanta nake zaune. Telar ta dube ni ta ce da na faɗa tun farko, ita keke take takawa ba alƙalanci ba, kuma kada in ƙara ɓata mata suna da awon ƙarya. Ta tambaya ko a sa aljihu. Na ce a sa biyu, masu zurfi. Rigar ta zauna wa Anti daidai, ta zura hannuwa cikin aljihun ta yi murmushi, ta ce ta yafe min. Amma ba ta sake cewa in ɗaura mata ɗankwali ba. Ta koyi ɗaurawa da kanta, a karkace, kuma ba ta ƙara tambayata yadda ta fito ba har na gama karatu na bar gidan.

Abin da na koya shi ne ba duk kunya ce tarbiyya ba. Akwai wadda tsoron bakin mutane ce kawai ta yafa mayafi, kuma mu masu shiru mun fi kowa iya fakewa da ita. 'Yan'uwana, musamman ɗalibai da ke zaune a gidajen mutane, ko me kuke gani game da rayuwar wanda ya ba ku amana, wannan tsakaninku da Allah ne. Idan ba za ku iya ɗaukar saƙonsa ba, ku gaya masa tun a bakin ƙofa. Idan kun ɗauka, ku kai shi yadda aka ba ku. Matan da na ji tsoron dariyarsu ko sunana ba su sani ba. Anti kuwa ta sami riga ta biyu, amma suna sau ɗaya ake yinsa. Na taɓa ganin hoton ranar a hannunta, dangi reras cikin atamfa iri ɗaya, jariri a tsakiya. Babu ita a ciki, kuma ni na cire ta, da inci uku.